Jinin da Ba Haila Ba: Nazarin Lamarin Wata Ɗaliba a Bakin Fadamar Rima

Lamarin da ke tafe misali ne da aka harhaɗa daga yadda irin wannan matsala take tafiya a garuruwan bakin fadamar kogin Rima, tun daga Goronyo har Wurno da Kware. Ba a jingina shi ga wata yarinya ko makaranta ko asibiti takamaimai ba. Abin da ake son gani shi ne inda shawara ta karkace, wa ya yanke ta, kuma me ya sani a lokacin da ya yanke ta.

Yarinyar da yanayin gidansu

Shekararta 13, tana aji biyu na ƙaramar sakandare a makarantar je-ka-ka-dawo. Da la'asar tana Islamiyya, ta sauke Ahalari ta shiga Ishmawi. Mahaifinta manomin rani ne, shinkafa da albasa. Wankin gida a hannunta yake, kuma a magudanar ruwan gonaki take yin sa, domin ruwan burtsatse na unguwa sai da layi, jarka kuma da kuɗi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, abin ba ya tsayawa ga wanki, ita da ƙannenta har shiga ruwan suke yi. Alamun balaga sun fara bayyana gare ta kimanin shekara guda, amma ba ta taɓa ganin haila ba.

Cikin watan Yuni ta ga jini bayan ta gama fitsari. Nan take ta yanke cewa haila ce ta zo. Ta ajiye salla, ta yagi tsohon zane ta yi ƙunzugu, ba ta gaya wa kowa ba sai wata ƙawarta ta aji.

Shawara ta farko: hukuncin da ya rufe tambaya

Yarinyar ba jahila ba ce, kuma a nan ne lamarin ya fi ban sha'awa ga mai nazari. Babin haila na Ahalari ya raba masu haila kashi uku: mai farawa, mai al'ada, da mai ciki. Mai farawa iyakar hailarta kwana 15. Mai al'ada tana bin kwanakinta, in jinin ya zarce ta ƙara kwana uku muddin ba ta wuce 15 ba. Abin da ya haura haka jinin ciwo ne, sai ta yi wanka ta ci gaba da salla. Duk wannan ta haddace shi, kuma ta yi aiki da shi daidai. Da kwana 15 suka cika jini bai ɗauke ba, ta yi wankan tsarki ta koma salla.

Matsalar ita ce hukuncin ya amsa tambayar ibada, sai ta ɗauka ya amsa tambayar lafiya. An gaya mata abin da za ta yi da sallarta idan ta ga jinin ciwo, ba a gaya mata cewa jinin ciwo, kamar yadda sunansa ya nuna, yana da ciwo a bayansa da ya kamata a nemo ba. Laifin ba na littafin ba ne, littafin fiƙihu ne, ya yi aikinsa. Giɓin yana wajen bayanin da ya kamata ya biyo baya.

Akwai kuma abu na biyu da ba ta sani ba, wanda da ta san shi da lamarin ya ƙare a kwana guda. Mace tana da kafa uku a ƙasanta: ta fitsari a gaba, ta haila da haihuwa a tsakiya, ta bayan gida a baya. Yara mata da yawa, har da manya, suna ɗauka fitsari da haila hanyarsu ɗaya. Jinin haila yana zuba ko an yi fitsari ko ba a yi ba, yana ɓata ƙunzugu dare da rana. Jinin yarinyar nan kuwa a ƙarshen fitsari yake zuwa, ɗigo biyu ko uku, ƙunzugun kuma ya yini kusan a bushe. Wannan ita ce fitacciyar alamar tsargiya.

Tsargiya tsutsa ce da ke rayuwa a cikin dodon koɗi na ruwa mai kwanciya ko mai tafiya a hankali, irin na madatsar ruwa da magudanan noman rani. Ƙananan tsutsotsin suna fita daga dodon koɗin su huda fatar mutum cikin 'yan mintoci, ba sai ya sha ruwan ba. Su girma a jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara da gabobin haihuwa, su riƙa zuba ƙwai. Ƙwan ne ke yin ɓarna: wasu su keta bangon mafitsara su fita da fitsari tare da jini, wasu su maƙale a bakin mahaifa da farji su haifar da kumburi da miki. Tsakanin shiga ruwa da fara ganin jini akan ɗauki wata biyu zuwa uku, shi ya sa ba wanda ke haɗa wankan Afrilu da jinin Yuni.

Makaranta ta rubuta "ba ta zo ba"

Tsoron kada jini ya ɓata mata tufafi ya sa ta fara fashi. Banɗakin makarantar biyu ne ga ɗaruruwan ɗalibai, ba ƙofa ba ruwa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga makarantun da ba su da wadata shi ne banɗaki ɗaya ga yara mata 25, da ruwa lita biyar ga kowane ɗalibi a yini. Malamin ajinsu namiji ne, ya riƙa cika rajista bai tambayi dalili ba, kuma ko ya tambaya ba za ta faɗa ba. A cikin ranakun fashin ne aka zo raba maganin tsutsa a makarantar. Maganin ciwonta ya zo har ƙofar ajinsu, ita tana gida. Wannan rauni ne sananne na rabon magani ta makarantu: wanda ya fi buƙata shi ne wanda ya fi yiwuwa bai zo ba, sai an ware ranar bin waɗanda suka rasa.

Shawara ta biyu: kemis da kalmar "sanyi"

Zuwa ƙarshen zango, zafin fitsari da ƙaiƙayi da ciwon mara da wani ruwa mai fita sun ƙaru. Innarta ta gane ne daga tsumman da ta gani an ɓoye. Ba ta tsaya dogon bincike ba, ta tafi kemis ita kaɗai ta kwatanta alamun. Mai kemis bai ga yarinyar ba, bai nemi fitsari ba, ya ce sanyi ne, ya haɗa kafso na kwana uku da allura.

An yi kuskure uku a zama ɗaya. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya taɓa tsutsar tsargiya ko kaɗan. Ba a yi tambaya mafi arha ba, wato ko tana shiga ruwan fadama. Sannan kalmar da aka zaɓa ta fi maganin illa. "Sanyi" a bakin mutane jaka ce da ake zuba komai: ruwan da ke fita ga kowace budurwa lafiyayya, ƙaiƙayin da gumi da matsattsen wando na leda ke jawowa, ciwon mafitsara, har da cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. Mai kemis wataƙila na farkon yake nufi. Da maganar ta isa kunnen goggonta, na ƙarshen ta ji.

Daga nan lamarin ya tashi daga ciwo ya koma zargi. Goggo ta kawo shawara biyu, kowacce ta fi 'yar'uwarta haɗari. Ta farko, a kira ungozoma ta duba ko yarinyar tana nan da budurcinta. Irin wannan dubawa ba ta tabbatar da komai, domin halittar wurin ta bambanta daga mace zuwa mace, kuma tun shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira da a daina ta gaba ɗaya. Ta biyu, in gishiri ne a yanke shi. Yankan gishiri, wanda ake yi da aska a gaban farji saboda zafin fitsari ko ƙaiƙayi ko jinkirin haila, yana iya zubar da jini mai yawa, kuma in askar ta kai mafitsara sai yoyon fitsari. Inna ta ƙi duka biyun, ba don ta san wannan bayani ba, sai don tausayin ɗiyarta.

Mahaifin kuwa ya yanke tasa shawarar cikin dogon hutu: ba za ta koma boko ba, kuma bayan girbi za a duba maganar aure. A ganinsa rufin asiri yake nema. Da an bi wannan hanya, yarinya mai ƙarancin jini da miki a gabobin haihuwa za a kai ɗaki. Abin da ke biyo baya sananne ne: zafi da zubar jini a zaman aure, sabon zargi daga miji, yiwuwar rashin haihuwa ko ciki a wajen mahaifa idan ƙwan tsutsa ya toshe hanyoyin ƙwai. In kuma cikin ya samu, ga haɗarin jijjiga da doguwar naƙuda ga wadda ƙugunta bai gama buɗewa ba. Sashen gyaran yoyon fitsari na asibitin mata da yara na Maryam Abacha a cikin Sakkwato irin waɗannan yake karɓa.

Inda lamarin ya juya

Da aka koma makaranta a Satumba ba a gan ta ba, sai wata malama mai koyar da kimiyya ta bi ta gida, ta biya ta ɗauki malamar Islamiyyar yarinyar suka shiga tare. Wannan dabara ta yi aiki: ita kaɗai da an ce 'yar boko ta zo shisshigi. Bayan gaisuwa Inna ta ce, "Malama, ni dai ban san mi yas samu ɗiyag ga ba, an yi magani har an gaji."

Malamar ta keɓe da yarinyar ta yi mata tambaya huɗu. Jinin yana zuwa ne da fitsari ko yana zuba da kansa? A farkon fitsari ko a ƙarshe? Kina shiga ruwan fadama? Akwai wani a gidan nan mai irin wannan? Amsar ta ƙarshe ce ta warware komai. Ƙaninta mai shekara 10 ya fi shekara yana fitsarin jini, kowa a gidan ya sani, ba wanda ya damu, domin ana cewa tsargiya ce, yara maza duk suna yi. Ruwa ɗaya, ciwo ɗaya, gida ɗaya: na namiji an kira shi da sunansa an ƙyale, na mace an sa masa wani suna an ɗora mata laifi.

A cibiyar lafiya ta matakin farko an bi tsari kamar haka. An karɓi fitsari tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwan ya fi fita. An tsoma tsinken gwaji, cikin minti ɗaya ya nuna jini. An tace mililita 10 aka duba a madubin ɗakin gwaji, aka ga ƙwai masu ƙaya a gindi. Idan suka kai 50 a wannan mudu, kamuwar mai tsanani ce. Abin lura ga ma'aikata: ba a yin gwajin tsinke ga mai haila, domin zai nuna jini ko ba tsargiya, kuma rashin ganin ƙwai a fitsari ba ya kore tsargiyar gabobin haihuwa. An auna jininta aka samu giram 10, alhali ƙasa da 12 ƙarancin jini ne ga mai shekarunta.

Ma'aikaciyar jinya ta kuma nemi Inna ta ɗan ba su wuri, ta tambayi yarinyar cikin lumana ko wani ya taɓa tilasta mata ko ya taɓa ta inda bai dace ba. Ana yi wa kowace yarinya wannan tambaya, kuma a gaya mata haka, don kada ta ji kamar tuhuma ce. Ta ce a'a.

Maganin shi ne firazikwantel, a jikin kwali an rubuta Praziquantel. Miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, sha ɗaya. Ƙwaya ɗaya miligiram 600 ce, don haka mai kilo 38 za ta sha biyu da rabi. Inda babu sikeli ana amfani da sandar awon tsayi: santimita 138 zuwa 149 ƙwaya biyu da rabi, 150 zuwa 159 uku. Sai an ci abinci mai nauyi kafin a sha, in ba haka ba jiri da tashin zuciya da murɗar ciki za su sa iyaye su ce maganin ya yi illa, gobe su hana sauran yara. Ba ya kashe tsutsotsin da ba su gama girma ba, kuma ba ya hana sake kamuwa. An haɗa mata da ƙwayar ƙarin jini kullum har wata uku, da gargaɗin kada ta sha da shayi, kuma kada ta tsorata in bayan gida ya yi baƙi. Ƙanin ma aka ba shi nasa.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatu har ƙarshen ƙaramar sakandare, amma ba da doka aka shawo kan mahaifin ba. Takardar gwaji biyu aka ajiye masa, ta ɗiya da ta ɗa, sakamako iri ɗaya. Ya duba ya ce a bar maganar.

Darasin da ya kamata a ce ta samu

Tun 2003 Nijeriya take da manhajar ilimin rayuwar iyali da cutar ƙanjamau, wadda aka saƙa cikin darussan kimiyya da na zamantakewa. A Nuwamba 2022 ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya umarci hukumar tsara manhaja ta NERDC ta cire ilimin jima'i daga manhajar makarantu. Ko mene ne ra'ayin mutum kan wannan, sakamakonsa a aji shi ne malami mai tsoron fushin iyaye yakan tsallake babin balaga dungurungum, ko ya rubuta sunayen gabobi da Turanci a allo a kwafa don jarrabawa. Tsargiya kuma, in an ambace ta, a babin cututtukan ruwa take, ba mai haɗa ta da haila.

Alhali a Sakkwato ba a buƙatar aro hujja daga ko'ina. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Nurul Albabi ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata ba tare da koya musu hukuncin tsarki da salla da azumi ba. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'yan taru, inda malamai mata da ake kira jaji suke kai karatu ga mata har ƙauyuka. Abin da ake nema yau ƙari ne kaɗan a kan babin da iyaye suka riga suka yarda da shi.

Lokacin wannan darasi aji biyar na firamare, kafin jinin farko, ba bayan ya zo ba. Mata daban maza daban, da Hausa, mace ta koyar da mata, kuma a tara iyaye mata a karanta musu abin da za a faɗa tun kafin a shiga aji. Zama uku na minti 40 sun isa, in aka cika su da lambobin da yarinya za ta iya yanke shawara da su. Haila takan fara tsakanin shekara 10 da 15. A shekarun farko tazarar wata haila zuwa wata kwana 21 zuwa 45 ce, kuma rikicewa ba ciwo ba ce. Ana canza auduga ko ƙunzugu duk awa huɗu zuwa shida, tsumma a wanke da sabulu a shanya a rana, ba a ƙarƙashin katifa ba. Ana gaya wa babba a tafi asibiti idan jini ya wuce kwana bakwai, ko yana jiƙa auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko ya ɗauke fiye da wata uku, ko an kai shekara 15 bai zo ba, ko yana zuwa tare da fitsari. A nan dole malamar Islamiyya da ta kimiyya su daidaita baki, domin kwana 15 na fiƙihu iyakar hukuncin salla ne, kwana bakwai na asibiti kuma iyakar jira ne. Ba sa karo da juna, amma yarinyar da ta san ɗaya kawai za ta zauna.

Sai lamba ɗaya da ba a so a buƙace ta amma dole kowa ya haddace: awa 72. Wanda aka yi wa fyaɗe, mace ko namiji, maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne in an fara shi cikin kwana uku, a sha har kwana 28. Zaman sulhu da neman rufin asiri su ke cinye waɗannan awoyi. Cibiyar Nana Khadija da ke Asibitin Ƙwararru na Sakkwato don wannan aka buɗe ta. Allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa ga 'yan shekara 9 zuwa 14, wadda aka fara a ƙasar a Oktoba 2023 ta iso Sakkwato a zagaye na biyu a 2024, ita ma a wannan zama ake bayaninta.

Maza nasu darasin gajere ne amma kada a tsallake shi. Mafarki da sauyin murya da ɗan kumburin nono da ke wucewa duk lafiya ne. Jini a fitsari ba alamar girma ba ne, in an bar shi shekaru yana lalata mafitsara da ƙoda, har yakan kai ga sankarar mafitsara. Ciwon maraina mai tsanani da ya zo farat ɗaya kuma na tiyata ne cikin awa shida, ba na jiƙo ba.

Kowane darasi ya ƙare da suna: a makarantar nan, wace malama ake gaya wa, a wane ɗaki, wace rana. Ita kuma malamar ta riƙa duba rajista duk Juma'a, duk yarinyar da ta yi fashin kwana uku a jere ko take fashi a kwanaki iri ɗaya kowane wata a bi ta.

Bayan magani

Jinin fitsari ya ɗauke cikin 'yan makonni, gwajin da aka maimaita bayan wata uku ya fito fes. Ta koma makaranta ta rasa kusan rabin zango. Batun sallolin da ta bari a kwana 15 na farko, malamar Islamiyya ce ta zauna da ita a kai. Hailarta ta gaskiya ta zo daga baya, kwana biyar, ta rubuta ranar a bangon littafinta ta gaya wa Inna a ranar.

Ruwan ne bai canza ba. Kuɗin jarka yana nan, don haka aka tsara a riƙa ɗibar ruwan magudana da guga daga bakin gaɓa, a zuba a randa ya kwana biyu kafin a yi wanki ko wanka da shi, domin tsutsar ba ta wuce haka da rai in ba ta samu jikin mutum ba. Wanda ake buƙata da gaggawa a dafa shi. Lokacin dashen shinkafa kuwa ba makawa sai an shiga ruwa, ƙanin kuma da zafi ya dawo ya koma iyo da abokansa. An rubuta sunayensu biyu cikin waɗanda za a nema duk ranar rabon magani, ko sun zo makaranta ko ba su zo ba.